Kusurwa Huɗu Tebur Ne

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Na gaji. Bari in rubuta shi a layin farko in huta, tunda ba wanda zan gaya wa.

Awa biyu da rabi daga ofis zuwa gida a Jikwoyi. A gadar Nyanya motoci suka tsaya cak, ruwa na zuba, kwandasta na zagin direban gaba. Na iso bayan magariba. Anti Catherine, maƙwabciyata da ke zama da Baba da rana, ta tarbe ni a ƙofa da kwanon abincinsa. Cokali uku ya ci, in ji ta. Jiya huɗu ne.

Wata uku ke nan da hawan jinin ido ya ƙarasa cinye ganin Baba. Wata uku kuma bai haɗa jimla da ni ba. "To." "A'a." "Alhamdulillahi." Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi a Funtuwa, wanda ake jin muryarsa daga aji har bakin titi. Yanzu yana bakin gado, fuska ga bango, carbi a hannu ko ja ba ya yi. Doguwar magana ɗaya ya yi, ita ma da Yaya Farouk ne a waya: a zo a mai da shi gida.

Yaya ya sa rana. Asabar, 4 ga Oktoba, zai taso daga Kaduna ya kai shi Funtuwa. Gidan da ba kowa tun rasuwar Inna sai 'yan haya a sashen waje. Wa zai ɗiga masa magani? Wa zai kama hannunsa zuwa bayi? Yaya ya ce za a samu wani. Duk mun san Baba zai je ne ya zauna ya jira.

Abin da ba zan iya faɗa ba sai a nan: da aka sa ranar, sai na ji kafaɗuna sun sauka. Daɗi na ji. Allah Ya yafe mini. Saura kwana ashirin da shida.

Laraba, 10 ga Satumba

Oga Zacharias, shugaban sashenmu na fassara, ya ajiye mini takardu a tebur. Littafin ƙarin karatu na lissafi ne da muke mayarwa Hausa don 'yan sakandare, an raba mana babi-babi. Maɗaba'a a Idu na jiran aikin ranar 30 ga wata.

"Madam Mashkura, ba ke ce 'yar malamin lissafi ba? Ga babi na takwas."

Dariya kawai na yi. Sau biyu na faɗi lissafi a jarrabawar fita sakandare. Baba bai taɓa cewa uffan a kai ba, gara ma a ce ya doke ni. Harshe na karanta a jami'a don in guje wa lamba, ga ta ta biyo ni har ofis.

Babin a kan abin da Bature ke kira dimension ne. Wai mu cikin guda uku muke rayuwa, amma akwai siffofi masu guda huɗu. Guda huɗun me? Ƙamus ɗin ofis ya yi shiru. Sai na tuna ana cewa kusurwa huɗu na duniya, gabas da yamma, kudu da arewa. Na ce to ai shi ke nan. Na rubuta kan babi: Siffofi Masu Kusurwa Huɗu. Halimat da muke tebur ɗaya ta ce ya yi daɗin kunne.

Alhamis, 11 ga Satumba

Shafi shida na fassara yau, ban fahimci ko ɗaya ba. Cokali biyu.

Asabar, 13 ga Satumba

Baba ya yi magana.

Da hantsi ina falo ina karanta fassarata da ƙarfi, yadda na saba, don kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Ƙofar ɗakinsa a buɗe. Na karanta: "Babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin siffa mai kusurwa huɗu da idonsa."

Sai na ji daga ɗaki: "Tebur."

Na yi zaton tebur yake so a kai masa. Na leƙa, na ce na'am Baba?

"Kusurwa huɗu tebur ne. Ƙofa ce. Darduma ce. Wane ne bai taɓa ganin tebur ba?"

Muryar ta dishe, amma ita ce, ta aji. Ya ce in sake karantawa daga farko. Na karanta. A kowane sakin layi yana tsaki. Da na kai ƙarshe ya ce abin da littafin ke magana a kai kusurwarsa goma sha shida ne.

"Kin ce huɗu. Kin cinye sha biyu. Haka za a buga a raba wa 'ya'yan mutane?"

Kunya ta kama ni, ga haushi. Shekarata talatin da takwas ina tsaye da takarda a hannu kamar 'yar aji ɗaya. Na shiga kicin na yi kuka, ni kaina ban san na wanne ba ne a ciki.

Ya cinye tuwonsa da rana. Duka.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ya aike ni wurin mai tsire in samo tsinke, da kuma tsinken sakace. Ya sa na mulmula sauran tuwo ƙanana-ƙanana. Muka zauna a tabarma, faranti a tsakiya.

Bari in rubuta yadda ya faɗa kafin in manta.

Ƙwallon tuwo ɗaya ɗigo ne, ba tsawo ba faɗi. Ka ja shi gaba, inda ya taso da inda ya tsaya ka haɗa da tsinke, ka sami layi, baki biyu. Ka ja layin nan gefe, ka sami murabba'i, kusurwa huɗu. "Teburinki ke nan." Ka ɗaga murabba'in sama, ka sami akwati, kusurwa takwas, tsinke goma sha biyu. Kowane ja, kusurwa na ninkawa.

Hannunsa ke yi, ba tare da lalube ba. Yatsun sun san hanya.

"Yanzu ki ja akwatin."

Na ce zuwa ina?

"Wurin da ba gaba ba ne ba baya ba, ba dama ba hagu, ba sama ba ƙasa."

Na ce ai babu wurin.

"Ke ce ba ki da hannun nuna shi. Lissafi bai ce babu ba. Takwas sau biyu nawa?"

Sha shida, na ce. Ya ce to ga kusurwoyinki da kika cinye.

Ya kuma gyara mini gabas da yamma. Wai ba biyu ba ne, hanya ɗaya ce mai baki biyu. Kudu da arewa ɗaya. Sama da ƙasa ɗaya. Uku ke nan, ba huɗu ba. Ashe tun daga tushe na karkace.

Bayana ya riƙe saboda zaman tabarma. Wanki bai yiwu ba yau, gobe da wace riga zan fita, oho.

Talata, 16 ga Satumba

Tururuwa sun cinye mana kusurwoyi. Na tashi da safe na tarar akwatin ya zube, baƙi ƙirin da su. Anti Catherine ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta je gida ta kawo tsohon silifas, ta yayyanka da reza. "Wannan dai ba za su ci shi ba, Baba." Da na dawo daga aiki na tarar su biyu sun sake ginawa, yana ta ba ta umarni tana cewa yes sa.

Bai bar tururuwar ta tafi a banza ba. Ya ce in ɗauka akwai wadda ba ta san sama ba sam, duniyarta fuskar tebur ce kawai. In zana da'ira in kewaye ta, ta shiga kurkuku. Ni kuwa sai in sa yatsa in ɗaga ta in ajiye a waje, ban tsinka da'irar ba. A wurin 'yan'uwanta, ta ɓace daga ɗaki a kulle. Kuma ni daga sama ina ganin cikin da'irar duka, su ko sai bangonta suke gani.

"Haka mai na huɗun zai yi mana. Zai ga cikin akwatinki a kulle. Zai ga cikin cikinki."

Na ce Allah Ya kyauta, na miƙe na ɗora ruwan zafi. Ba na son kowa ya ga cikin cikina a kwanakin nan. Saura sha takwas, kuma ban daina ƙirgawa ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kusurwa ta mutu, sai a samo magajiyarta. Duk kalmar da na kawo sai ya yi mata dukan kawo wuƙa.

Fuska? "Akwati fuskarsa shida, za ki rikita yara." Gefe? "Tsinken nan shi ne gefe." Jiha? "Za su tambaye ki Katsina ko Kano." Shiyya? "Ta 'yan siyasa ce." Ɓangare? "Na jam'iyya?" Na ce to mu bar ta da Turancinta mu huta. Ya ce in haka ne me ake biyana in yi.

A mota nake tunaninsu yanzu. Daga Nyanya zuwa sakatariya ina jera kalmomi a waya, wata mata kusa da ni tana leƙe.

Lahadi, 21 ga Satumba

Mun gina babban. Akwatin tsinken tsire a waje, ƙaramin na tsinken sakace a ciki, kowace kusurwa ta ciki an haɗa ta da 'yar'uwarta ta waje. Ya ƙirga tsinkayen da yatsa: sha biyu, sha biyu, takwas. Talatin da biyu. Kusurwa sha shida cif.

Na ce to ga shi mun gani. Ya ce ba shi ba ne, inuwarsa ce. A gaskiyarsa tsinkayen nan duk tsawonsu ɗaya, kuma ƙaramin akwatin ba ƙarami ba ne, ba kuma a ciki yake ba. Nisa ne ya mai da shi haka, kamar yadda mutum ke ƙanƙancewa in ya yi nisa a titi.

Ban gane ba. Sai ya ce in rufe labule, in ɗauki akwatin farko, in haska shi da fitilar waya daf da shi. Na yi. A bango sai ga murabba'i cikin murabba'i, kusurwoyi a haɗe. Akwati mai uku ya zubar da inuwa mai biyu. To mai huɗu kuwa, inuwarsa mai uku ce, akwati cikin akwati. Abin ya faɗo mini a kai gaba ɗaya. Karo na farko a rayuwata da lissafi ya buɗe mini ƙofa.

Na yi ihu: "Baba, duba! Dubi bangon!"

Sai na tuna wa nake ce wa ya duba.

Na so ƙasa ta tsage. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Ke kin ga inuwa, ni na taɓa inuwa. Ainihin abin kuwa ba mai ido da ya taɓa ganinsa. A nan wurin ni da ke da likitan idon duk ɗaya muke." Ya ɗan yi murmushi. "Na ma fi ku. Ku ido na yi muku gardama."

Na buɗe labule.

Talata, 23 ga Satumba

Na samo. Ko dai na zaci na samo.

Telan bakin layinmu ne yake gwada wata mata da tef ina wucewa da safe, yana faɗa ana rubutawa: tsawo kaza, faɗi kaza. Sai na tsaya cak a titi har ɗan acaɓa ya yi mini hon. Awo. Layi awo ɗaya gare shi, tsawo. Tebur awo biyu, tsawo da faɗi. Akwati awo uku. Siffa mai awo huɗu. Yaron ƙauye ma zai gane.

Yini na yi ina ɗokin komawa gida. Ko takalmi ban cire ba na faɗa masa.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Awo? Na asibiti da masu ciki ke zuwa? Ko na hatsi a kasuwa? Za a ce littafin gwamnati ya koma koyar da cefane."

Na ce amma Baba ai ma'anar ta fita.

"Ba ta zauna ba. A sake nema."

Na cire takalmi na shiga kicin. Wani abu dai ba ya canzawa: ban taɓa kawo wa mutumin nan amsa ya ce daidai ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Yaya Farouk ya kira don a shirya kaya. Baba ya karɓi wayar da kansa. "Ka dakata tukuna. Akwai aiki a hannunmu, ba zan tafi in bar babi da rami a ka ba. In an sami kalmar sai ka zo."

Yaya ya kira ni daga baya yana murna, wai me na ba Baba haka. Na ce tsinken tsire.

Ya kamata in yi murna. Na yi, rabi. Ɗaya rabin ya zauna a bakin gado yana kallon kalanda. Na riga na gaya wa kaina ranar 5 ga wata zan yi barci har azahar, ba ɗiga magani ƙarfe biyar, ba wankin zanen gado. Wace irin 'ya ce ni?

Talata, 30 ga Satumba

Ranar miƙa aiki. Kowa ya miƙa sai ni. Babin a fassare yake tsaf, sai dai gurbi arba'in da ɗaya da na bari fari, duk inda kalmar take.

Oga Zacharias ya kira ni ofishinsa. "Madam, mutanen Idu sun kira ni sau uku. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da littafi duka? Ki sa ko mene ne mana, su waye za su duba?" Na ce akwai mai dubawa. Ya ba ni zuwa 10 ga Oktoba, ya ce daga nan sai dai a cire babin.

A gida na kawo mataki, ya ce na bene ne. Na kawo zango, ya ce na matafiya ne. Na kawo sashe, ya ce asibiti. Yana faɗa yana dariya, yana jujjuya akwatinsa na tsinke a hannu. Shi nishaɗi yake yi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na yi abin da ba zan manta ba.

Ruwa ya kama mu a Nyanya, motar ta mutu, na tako daga mahaɗar Karshi a jiƙe. Na shigo gas ya ƙare. Ban ko ajiye jaka ba ya ce, "Mashkura, yau me kika kawo mana?"

Sai bakina ya ɓalle. Na ce ban kawo komai ba Baba, kuma ba zan ƙara kawowa ba. Na ce duk abin da na kawo ba ya yi, tun ina yarinya ba ya yi. Na ce ana neman cire mini babi, shi yana wasa da tsinke. Na ce ni fa na gaji, na gaji, na gaji. Sau uku, da ƙarfi, har Anti Catherine ta leƙo ta koma.

Ya ajiye akwatin tsinken a hankali a gefen tabarma.

"Na sani," ya ce. "Ido na rasa, ba kunne ba. Ina jin yadda kike ajiye numfashi in kin zo ƙofata." Can ya ce, "Ki sa wadda kika ga dama. Ki kira Farouk."

Ya lalubi bango ya shiga ɗaki. Bai yarda na kama hannunsa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau ce ranar da aka sa da farko. Fuska ga bango. Cokali biyu. Na ba da haƙuri, ya ce "To."

Litinin, 6 ga Oktoba

Baba da kansa ya sa Anti Catherine ta kira masa Yaya. Asabar mai zuwa, 11 ga wata.

Na sauko da ƙaramin akwatinsa na fara shirya kaya. Riguna biyar, hula uku, maganin ido, rediyo. Abin tsinken yana kan firij, ban san ko in sa masa ba. Zai karye a hanya.

Abin da nake so ne ya samu. Saura kwana biyar. Ban ji kafaɗuna sun sauka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na dawo da wuri, Anti Catherine ta ja ni bayan gida wurin igiyar shanya. Ta ce akwai maganar da Baba ya hana ta faɗa, amma ita ba za ta iya riƙewa ba, ko a coci an ce kada a ɓoye gaskiya.

Wai ranar da na kawo awo, washegari ina fita ya kira ta. Yana ta murna, in ji ta, har yana buga cinya. Bari in rubuta yadda ta faɗa:

"Ya ce, Katarina, yarinyan nan ya samo shi! Shekara talatin da huɗu ina koyar da abin nan da Turanci ban samo ba, ita ta samo a wurin tela. Na ce to Baba ka gaya mata mana. Ya ce a'a. In na ce daidai ne, aiki ya ƙare. In aiki ya ƙare, me zan zauna yi a gidan yarinya, ina cin abincinta ina hana ta barci?"

Ta ce kullum bayan na tafi sai ya zauna yana shirya yadda zai kashe kalmar da zan kawo da yamma. Har tambayarta yake, in ta ce kaza me zan ce?

Na riƙe igiyar shanya. Anti Catherine ta ce, "Ki yi kuka, ba kowa." Na ce ba kuka zan yi ba, kayan nan nake dubawa ko sun bushe. Ba kaya a igiyar.

Shi ya nemi tafiya tun farko. Ni na ɗauka gida yake so.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na cike gurbi arba'in da ɗaya. Awo, awo, awo. Siffofi Masu Awo Huɗu. Oga Zacharias ya karanta shafin farko ya ce, "Ah, ni ma yau na gane abin." An tura Idu.

Na ji ana cewa kashi na biyu na littafin ya iso, za a raba mako mai zuwa. Na je na duba jerin babobin. Na tara an riga an rubuta sunan Halimat a kai. Na ce ta bar mini. Ta dube ni kamar na zare, ta ce ba ke ce jiya kike cewa kin gaji ba? Na ce ai ita tana da yara ƙanana, taimaka mata nake yi. Ta yarda, na ɗauko takardun tun yau.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa. Yana bakin gado, akwatinsa a shirye kusa da ƙafarsa. Na zauna a ƙasa.

Na ce Baba, na miƙa babin. Awo na sa.

"Ta yi," ya ce. "Tun ranar ta yi." Ya shafa murfin akwatin. "Shi ke nan an gama."

Na ce na takwas aka gama. Na ɗora masa takardun a cinya don ya ji nauyinsu. Na ce ga na tara, kuma ko layin farko ban gane ba.

Ya shafa su, ya ƙirga gefen da babban yatsa. "A kan me?"

Na ce a kan lambobin da ba su da iyaka. Wai ko ka yi ta ƙirga har abada ba ka kai ƙarshe, kuma wai wani rashin iyakar ya fi wani girma.

Na ga bakinsa na motsi, yana so ya hana shi.

"Wannan zai ɗau lokaci," ya ce.

Na ce na sani.

"Ke kuma kin gaji."

Na ce eh, na gaji. Ban janye ba, gaskiya ce. Gobe ma zan tashi ƙarfe biyar in ɗiga magani, jibi ma, Litinin kuma gadar Nyanya na nan tana jirana.

Ya ce to karanta mini layin farko, a hankali, kada ki cinye komai.

Na kira Yaya na ce kada ya ɓata man motarsa gobe, aikin ofis ne ya taso, ba yadda zan yi. Tuwo ya ci da miyar kuɓewa, ya nemi ƙari.

Kayansa na mayar cikin durowa. Ƙaramin akwatin na sa shi cikin babban nawa, na zuge, na ɗora can saman wadirob inda hannu ba ya kai. Don wuri ne kawai. Ɗakin ya yi ƙunci.